A Madadin Shugaba

Shekara ashirin da bakwai Malam Yahuza Indabo ya yi yana sakataren wata ƙungiyar 'yan kasuwa a Wudil, a kan albashi. In ya zauna gaban tsohuwar tafiretarsa, magana sai yadda ya yi da ita. Wasiƙarsa ce ta sa aka gyara musu magudanar ruwa, wata kuma ta hana a rushe rumfuna arba'in. A ƙasan kowace yakan buga "a madadin shugaba", sannan ya sa hannu. Shi a ganinsa ladabi ne.

Shugaban fa? Alhaji Tasi'u, mutumin da sunansa ma sai ya yi gumi yake rubutawa. Bai taɓa karanta wasiƙa ɗaya har ƙarshe ba, amma a taro sai ya gyara zaman hula ya ce, "Ai da na rubuta musu, jikinsu ya yi sanyi." Kai, tir da wannan hali!

Da ido ya fara gazawa, Malam Yahuza ya ajiye aiki. Buri ɗaya ya rage masa: ya tattara wasiƙun nan ya buga ɗan littafi da sunansa a bango, jikokinsa su san ba ɗumama kujera ya yi ba. Ko kwafi ɗaya bai taɓa kaiwa gida ba, don amana. Ya je ya roƙi fayilolin.

"Haba Malam," in ji Alhaji Tasi'u, yana sakace. "Na tambayi lauya. Abin da ma'aikaci ya rubuta a bakin aiki, na wanda ya ɗauke shi ne. Ba kai da hannunka ka ce a madadina ba?" Ya danna wa kabad kwaɗo. "Dukiyar ƙungiya ce, ba a wasa da ita."

Wai dukiya! Bayan wata biyu, ran Juma'a, Malam Yahuza ya tsaya bakin gada wajen Suwaiba mai soya kifi. Ta naɗe masa kifi a takarda. Tun kafin ya gama warwarewa ya gane bugun tafiretarsa. Wasiƙar rumfunan nan ce.

"Ina kika samo wannan?"

"Daga ofishinku, Baba. Buhu biyu aka ba ni, wai sun tare musu wuri. Har sun kusa ƙarewa."

Baƙin ciki ya hana shi cin kifin. Ya shimfiɗa takardar a gwiwa yana shafa ta da tafin hannu. Man suya ya cinye sa hannunsa gaba ɗaya, amma "a madadin shugaba" na nan ɓaro-ɓaro.