Fim Ɗin da Ya Hana Inna Kitso

Inna, mahaifiyata, ta daɗe tana kitso gida-gida a unguwar Yalwawa da ke Dutse, har da gidan wani ɗan sarki. Sai aka yi fim a kan yadda yake neman matan aure. Ba a kama suna ba, amma duk Dutse an gane shi. A fim ɗin, mai kitso ce 'yar aikensa.

Wanda ya rubuta shirmen nan bai taɓa ganin Inna ba. Duk da haka magidanta suka hana ta shiga gidajensu. Ta yi rantsuwa har ta gaji.

Shi ɗan sarkin, bara aka naɗa masa sarauta. Ita kuwa kaina kaɗai ya rage mata, ni ma jiya mijina ya ce in nemi wata mai kitson.