Taku Goma Sha Biyu Daga Tsamiya

Rannan 'yata ta dawo daga wurin aiki, ta miƙo mini wayarta ta ce in duba. Hotunan wani birni ne na Amurka, an jera su bibbiyu, na da a hagu, na yanzu a dama. A na da, titin ƙasa ne da kekunan doki da mutane masu manyan huluna. A na yanzu, benaye sun tashi har wuya ya gaji da kallo. Ta ɗora yatsa a kan wani tudu can baya, ta ce, "Baba, ka ga wannan? Yana cikin duka biyun. Da shi ake gane wuri ɗaya ne." Na daɗe ina kallon tudun. Na mayar mata da wayarta, na ce ta kawo mini ruwa.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Amma na gane abin da na gani. Mutanen nan sun ajiye hotonsu yadda aka ɗauke shi, da samansa da ƙasansa. Mu namu yanka shi muka yi. Bari in gaya maka.

Gidan kakana, mahaifin Inna, yana bayan garin Birnin Kudu, daidai inda gari ya ƙare gona ta fara. Can Inna ta koma da ni bayan rasuwar ubana, ina goye. Dangar kara ce, da rumbu uku, da rijiya a ƙofar gida. Bayan dangar akwai tsamiya, babba, mutum biyu ba sa rungume ta. Can nesa kuma dutse ne mai tsaga a ka, kamar an sare shi da gatari. Idan kaka ta yi, Inna takan ɗauki doguwar gora ta kaɗo tsamiya, ni ina tsincewa a cikin zaninta. Ta jiƙa a ƙwarya, gidan duk ya ɗauki ƙamshi mai tsami. Har yau in na wuce mai kunun tsamiya, sauri nake ƙarawa.

Wata kaka gyaɗa ta yi kyau, sai ga mai hoto daga Kano, da akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. Kakana ya ƙi. Ya ce, "Wanda ya san ni ya san ni. Wanda bai san ni ba, takarda ba za ta gaishe shi ba." Mata suka yi ta roƙo. Daga ƙarshe ya yarda, amma ya ce akwatin ba zai shiga masa gida ba. Shi ya sa aka yi a waje. Mai hoton ya kafa akwatinsa a bakin rijiya, mu muka jeru a jikin danga, tsamiya ta leƙo ta bayanmu, dutsen yana samanta. Mu tara ne. Ina gaban Inna, hannunta a kafaɗata, ina jin sanyin awarwaronta a wuyana. Hoton nan guda ɗaya shi ne duk abin da gidanmu ya taɓa ɗauka. Kakana ya naɗe shi a tsumma ya sa a akwatin ƙarfe. Sai ranar Sallah ake fito da shi, kuma sai ka wanke hannu.

Damina biyu bayan haka, lokacin marka, ciwo ya kama Inna. Kwana uku ta yi. Ruwa bai ɗauke ba tun da ta kwanta, rafin da ke tsakaninmu da maƙabarta ya cika ya batse, babu mai iya haye shi da makara. Gawa kuwa ba ta jira. Aka haƙa mata a gefen gonar kakana, bayan tsamiya. Aka kifa fasasshiyar tukunya a wajen kai, shi ke nan. Mu ba ma rubuta suna a kabari. Ƙasa ta san nata.

Washegari kakana ya kama wuyan hannuna ya kai ni gindin tsamiya. Ya jingina bayansa da ita, ya fuskanci tsagar dutsen, ya taka yana ƙirgawa a fili. A na goma sha biyu ya tsaya. Ya ce, "Tukunya za ta fashe, ciyawa za ta rufe. Kai dai ka riƙe wannan. Takuna ne, ba naka ba. In ka girma naka zai kai." Ban taɓa ganin hawayensa ba, ranar ma ban gani ba. Hannuna dai ya yi kwana biyu yana ciwo.

Shekara huɗu ya ƙara a duniya. Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado a zaure. Gona ta rabu lafiya, awaki suka rabu lafiya. Da aka zo kan hoto, magana ta tsaya. Kowa yana ciki, kowa yana so. Murya ta fara tashi. Sai babban kawuna ya aika aka kawo reza, ya ce, "Ba za a ɓata zumunci a kan takarda ba. Kowa ya ɗauki nasa." Ya ɗora hoton a kan allo ya yanka shi kamar naman watanda, mutum-mutum. Dattawan da ke wurin suka yaba masa, suka ce ya yi hikima. Aka ba ni wajen da nake ni da Inna, guntu bai kai tafin hannuna ba.

Saura ɓangaren sama, dogon yanki, babu kowa a cikinsa sai tsamiya da dutse da sararin Allah. Kawu ya miƙo mini, ya ce, "Ungo, ko ka yi wasa da shi." Na ce, "Me zan yi da itace? Ga shi can a tsaye." Aka yi dariya. Da yamma na ga matarsa ta hura wuta da shi. Wannan maganar da bakina na faɗe ta, ba wanda ya sa ni.

Baffana ya ɗauke ni zuwa Gwaram. Na yi noma, na yi dako a tasha, na bi motar kaya zuwa Kano ina kwana a kan buhuna. Shekarun farko ina zuwa duk kaka, in jingina da tsamiya, in taka, in yi addu'a. Takuna ya kai, kamar yadda ya ce. Daga baya mota ta yi da ni kudu, na daɗe. Abin da na gani a can ba na wannan zancen ba ne. Na dawo da furfura da haƙora biyu babu.

Na sauka a tashar Birnin Kudu na nufi bayan gari, sai na tarar babu bayan gari. Gari ya haɗiye shi. Gidajen bulo, injin niƙa, kwata tana gudu a tsakiyar hanya. Kawunnaina sun yanka gonar fuloti-fuloti sun sayar, biyu daga cikinsu ma sun rasu. Tsamiya an sare ta an yi gawayi, katafila ta tumɓuke saiwar da za a fitar da layi. Abu biyu na gane: rijiyar, an rufe bakinta da siminti, da dutsen can nesa. Tsakaninsu fili ne fetal, an kafa turaku an ja igiya, ga tulin yashi. Za a gina shaguna.

Mai filin wani Alhaji ne mai motocin kaya, danginsa a Kano. Na same shi a wurin na gaya masa. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin kirki ne. Ya cire hularsa ya shafa kai, ya ce, "Subhanallahi. Malam, wallahi ba wanda ya gaya mini. Nuna mini wurin, in zagaye shi da bulo, ko shago guda zan rasa. Leburori sai jibi za su fara haƙa."

Na tsaya a tsakiyar filin. Na san taku goma sha biyu ne. Na san inda ake fuskanta. Inda ake farawa ne babu.

Sai hoton ya faɗo mini. Da a ce yana nan cikakke, sai in tsaya a bakin rijiya inda mai hoton ya tsaya, in ɗaga shi, in daidaita dutsen takarda da dutsen gaske, in ga inda tsamiya ta faɗo. Na hau acaɓa. Na je Wurno wurin ƙanwar Inna, ta tsufa ƙwarai. Ta fito da nata guntun daga ƙasan kwalla. Na tambaye ta ko ta san wurin, ta ce, "Ɗan nan, yaushe mace ta je binnewa? Ina ɗaka ina kuka." Na je Basirka wurin ɗan babban kawu, wanda guntun kakana yake hannunsa, na je Yalwan Damai wurin matar ƙaramin. Kwana biyu ina kan hanya, na haɗo guntu huɗu da nawa. Na jera su a kan tabarma. Kawunan mutane ne da riguna da ɗan karan danga. A saman na kakana akwai ganye kamar uku. Reza ta bi layi sosai, kawu mai hannu ne.

Ranar da za a fara haƙa na kawo tsofaffi biyu na unguwar. Ɗaya ya buga sandarsa kusa da injin niƙa ya ce nan tsamiyar take, ya sha inuwarta ya fi a ƙirga. Ɗayan ya ce, "Kai da ko da idonka biyu ba ka gane akuyarka a kasuwa? Can take, wajen yashin nan." Na farkon ya ce, "Ji mai ido, jiya wa ya gaida turmi?" Suka yi ta yi, leburori suna dariya. Tsakanin inda wannan ya nuna da inda wancan ya nuna ya fi taku arba'in.

Alhaji ya ja ni gefe. Ya ce, "Malam, ka gani da idonka. Ba zan iya katange filin nan duka ba. Amma na gaya musu, in sun ci karo da wani abu su tsaya." Na ce na gode. Me zan ce?

Na zauna a kan bakin rijiya har suka gama haƙa harsashi, kwana biyar, a cikin zafin bazara. Kullum da la'asar in tambayi shugaban leburorin. Kullum ya ce, "Ba mu ga komai ba, Baba." Yana faɗa yana kallon shebur ɗinsa. Aikin kwangila ne, in an tsaya su ne da asara. Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa. Ba zan taɓa sani ba.

Yanzu shaguna takwas ne a layin. Akwai mai faci, akwai kemis, akwai mai cajin waya da kiɗa yana tashi tun safe. Yaran zamani suna tsayawa a gabansu suna ɗaukar kansu hoto, fuska ta cika gilashi, ba sa barin wuri ko ga bangon da ke bayansu. Suna tsammanin bangon zai jira su. Gari kuwa ya wuce can gaba, yana cin gonakin wasu, har masu fasa dutse sun fara gutsurar gindin dutsen.

Ni duk Juma'a bayan an sauko nakan je. Ba a shiga wurin matattu da takalmi, haka aka koya mana. Tunda ban san a ƙarƙashin wane shago take ba, tun daga farkon layin nake cirewa in riƙe a hannu. In taka simintin da zafinsa, daga mai faci har kemis, ina karanta abin da na iya. Masu shagunan sun saba. Na ji wani yana gaya wa baƙo cewa tsohon ya ɗan taɓu, amma ba ya duka. Ban juya ba. Saura shago uku ban gama ba.