Ɗakin Baƙo a Tudun Gawo

Baƙo masunci ne daga wani ƙauye gabas da Auyo, mutum marar yawan magana. A zamanin Turawa, shekarar da ruwa ya cinye masa gida karo na biyu, ya ƙudura zai koma wani tudu a tsakiyar fadama. Gawo ɗaya ne a kai, ambaliya kuma ba ta taɓa hawansa ba.

Ya je wurin dagacinsu neman izinin gini. Dagaci ya ce tudun ba ƙasarsa ba ce. Na ƙetaren kogi ma haka ya ce, yana kallon ƙasa. Aka tura shi ofishin En'e a Haɗejiya.

Malam Shu'ibu, mai rubuta takardun fili, ya shimfiɗa taswirar da Bature ya zana. Ruwa kawai aka nuna a wurin. Amma da ya bincika akwati sai ya zaro tsofaffin takardu uku, duk na izinin gini a wannan tudu. Ya karanto sunayen masu su.

"Ka san su?"

"Allah gafarta malam, ban taɓa jin ko ɗaya ba. Ni kuwa a bakin ruwan nan aka haife ni."

Suka shiga kwalekwale don a auno. Da azahar suka isa. Ko kukan tsuntsu babu. Filin a share yake tas, ga zanen tsintsiya, babu sawun kowa. Malam ya ja igiya daga gindin gawo zuwa bakin ruwa, ya sami gaba ashirin. Ya sake ja, ashirin da shida. Bai yi na uku ba. A cikin jirgi ya rubuta takardar, bisa gwiwarsa.

"Da ni ne kai, Baƙo, da na haƙura."

"Malam, nan kaɗai ne ruwa ba ya zuwa."

Ya gina ɗaki ɗaya da rumfa. Matarsa Falmata damina ɗaya ta yi. Ta ce in tana daka da hantsi akwai mai amsa mata da wata taɓarya a bayan gawon, in ta tsaya a tsaya. Ta koma gidan wanta. Baƙo bai hana ta ba, kowace Juma'a yakan kai mata kifi.

Shekara tara ya yi a can shi kaɗai. Masunta masu wucewa sukan ga hayaƙi wuri huɗu, alhali murhunsa ɗaya. In an tambaye shi sai ya ce, "Maƙwabtana ba su da fitina."

Wata kaka sai ga shi da komarsa ta kamun kifi da tabarma, ya dawo ƙauye ke nan. Falmata ta tambaye shi dalili.

"Sun fara kirana da muryarki," ya ce. "Jiya saura kaɗan in amsa."

Bai ƙara shiga ruwa ba. Saƙar koma ya riƙa yi wa mutane a ƙofar gida, har ya rasu bayan shekara biyu.