Ranar da Kuka Kashe Ni a Waya

Salamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a nan ba. Ni ne Nura tela na Ƙofar 'Yandaka, wanda kuka gama yi wa addu'ar mamaci. To ban mutu ba.

Lokacin da amai da gudawa ya ɓarke a unguwarmu, ina kan keken ɗinki cikina ya murɗa. Kafin la'asar ko tsayuwa ba na iyawa, idanuna sun faɗa. Yayana Sani ya kinkime ni sai asibiti.

Gado mai huda a tsakiya, bokiti a ƙasa, ledar ƙarin ruwa na ƙarewa ana rataya wata. Likita ya ce, "Malam Nura, ruwan gishiri da sukarin nan, ko ka amayar ka sake sha." Wallahi na ji tsoro.

Innarmu na da hawan jini, shi ya sa muka ce mata zazzaɓi ne kawai.

Sai wani marar aikin yi ya leƙo ɗakin jinya, ya ɗauke ni hoto ina kwance baki buɗe, ya rubuta innalillahi. Ku kuwa kuka hau turawa. Wannan ya ce ƙazanta ta kashe ni. Wancan ya ce babu wata annoba, neman kuɗi ne. Wata marar kunya har tallar turaren wuta ta liƙa a ƙarƙashin hoton. Tir! Ko mutum ɗaya bai kira gidanmu ya tambaya ba.

Maƙwabciyarmu ta shigo da kuka, ta miƙa wa Inna wayar. Nan bakin murhu Inna ta yanke jiki ta faɗi.

Ni an sallame ni, na dawo da ƙafata. Ita ɓarin jikinta ya shanye, magana ba ta fita.

Mai hoton? Ya goge, ya rubuta, "Afuwan, ashe yana raye."

Alhamdulillahi. Sani, Allah ya biya ka. Ma'aikatan jinyar da suka kwashe ƙazantata ba su yamutsa fuska ba, Allah ya saka muku da alheri.

Ku tafasa ruwan sha, ku wanke hannu da sabulu. Gudawa ta fara, a garzaya asibiti. Kuma kafin ka tura mutuwar ɗan wani, ka kira gidansu.

Barkarku ku riƙe abarku. Har yau in na shiga ɗakin Inna sai ta damƙe hannuna ta yi ta matsawa, tana duba ko da gaske ni ne.