Daƙiƙa Biyar ɗin Sadisu

Sadisu ɗan masunta ne daga Argungu, amma bai gaji kamun kifi ba. Mahaifinsa ya gwada shi a kwalekwale shekara biyu, ya ga yaro ne da ke jefa ragar birgi ya janye tun bai nutse ba, sai ya ce a mayar da shi boko ko Allah zai sa a dace. Aka kuwa dace. Ya yi difloma a kan kwamfuta a Birnin Kebbi, ya auri Khadijatu, ya kama gida a Gwadangaji, inda masu keke napep suka san shi da dirowa kafin a tsaya. Shayi ma a tsaye yake sha.

Ƙungiyar manoman shinkafa ta Ambursa ce ta ɗauke shi aiki. Injin sussuka biyu gare su, manoma kuma sun haura ɗari, don haka Sadisu ya yi musu shafi a intanet inda kowa zai duba ta waya ya ga ranar da inji zai zo gonarsa. Fayil ɗin jerin sunayen yana can cikin wata saba, babbar kwamfutar ajiya, a Legas, wadda Sadisu bai taɓa gani da idonsa ba. Daga ɗakinsa yake buɗe shi da manhajar rubutu, ya gyara, ya danna ajiyewa, shi ke nan.

Ana tsakiyar yankan shinkafar rani abin ya ƙi. Ya ƙara sunaye arba'in, ya danna, manhajar ta ɗan yi shiru, sai jan rubutu ya fito: lokacin jira ya ƙare. Ya sake dannawa, ta maimaita.

Alhaji Labbo, shugaban ƙungiyar, ya kira shi da hantsi. "Sadisu, mutum ukku sun taho gona guda, kowa na cewa yau ranatai. Mi ke faruwa?"

"Alhaji, sabis na. Yanzu-yanzu zan gyara."

Yanzu-yanzun nan ta kwana biyu. Ya canza layi. Ya ɗaure wayarsa a reshen dalbejiyar tsakar gida don ta fi kamo sabis, akuyar maƙwabta tana kallonsa. Ya canza kalmar sirri, ya goge manhajar ya sake sa ta. Ya kira masu sabar ya yi musu faɗa, suka duba suka ce komai nasu lafiya lau, suka yi masa fatan alheri.

Rana ta uku bayan azahar Khadijatu tana zaune bakin ƙofa tana yanka albasa, tana ganin fuskar kwamfutar daga inda take. Ba ta san komai a harkar ba, ɗinki take yi. Amma ta daɗe tana ƙirgawa a zuci.

"Baban Rauda, sake dannawa in gani."

Ya danna don kawai a zauna lafiya. Ta ƙirga da bakin wuƙa a kan faranti, tana kai biyar ja ya fito.

"Tun jiya haka take. Da sabis da babu, biyar ta. Abin da ya lalace ba ya riƙe lokaci haka. Wani ya ce mata ta jira biyar ta tafi."

"Wa zai ce mata? Ni kaɗai ke taɓa ta."

Khadijatu ta ci gaba da yankan albasarta.

Sai a lokacin ya tuna da fayil ɗin saiti, wanda sake sa manhajar bai taɓa shi ba. Ya buɗe, ya gangara zuwa layin da ke faɗin tsawon jiran saba. Daƙiƙa biyar ce. A samanta akwai ɗan bayanin da ya rubuta da hannunsa shekara biyu da suka wuce: "Sittin ta yi yawa, wa ke da wannan lokacin." A wancan zamanin sunaye ashirin ne kacal. Yanzu fayil ya yi nauyi, layi kuma ya cushe da masu kiran 'yan ƙwadago.

Ya mayar da ita casa'in. Ya ƙara layin da zai riƙa taɓa sabar lokaci-lokaci don kada haɗin ya tsinke, ya hana manhajar tura kwafi na biyu duk sa'ad da aka ajiye. Ya danna. Hannunsa ya nufi maɓalli sau biyu ya dawo. A daƙiƙa ta sha tara fayil ya shiga.

Ya kira Alhaji Labbo ya ce matsala ce mai zurfi, amma an shawo kanta. Da ya kashe wayar ya juyo a hankali.

"Maganar ga ta tsaya tsakaninmu."

"Awo," in ji Khadijatu. "Yaya Kulsumi kaɗai zan gaya ma."

Kulsumi yayarsa ce, kifi take sayarwa a kasuwar Argungu. Ran Juma'a mahaifinsa ya kira shi, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya kashe wayar bai ko gaisa ba.