Hannun Kawu a Kan Turmi

Ana idar da sallar asuba muka bar Zariya, ni da wata dattijuwa da aka haɗa ni da ita rakiya, a bayan motar da ke komawa ɗaukar gyaɗa. A cinyata akwai ɗan maɓallin bugun tangaraho, naɗe cikin kallabi. Ni kaɗai ce mace a ƙungiyar 'yan rediyo ta kwalejinmu, kuma jarrabawar lasin ta matso, ga shi duk wanda na buga wa saƙo sai ya ce bai gane hannuna ba. Na ƙudura a raina zan je wurin Kawu, idan shi ma ya ce haka, zan bari. Shi ya fara koya mini tun ina yarinya, lokacin yana aikin gidan waya, kafin ya koma Kurfi da zama.

Hanya ja ce, ruwan ƙarshen damina ya cinye gefenta. Dawa ta sunkuyar da kai dama da hagu, kamar tana jin kunyar masu wucewa. 'Yar rakiyata ta yi barci tun kafin Funtuwa, ta bar ni da turakun waya, ina bin su da ido ina tunanin maganar wa ke gudu a cikinsu.

A Dutsin-Ma muka sauka da la'asar. Duwatsun garin sun yi jugum a bayan kasuwa. Wata Bafillatana ta dama mana furar kwabo biyu, ta hango maɓallin ta ce, “'Yar boko, wannan tarkon ɓera ne?” Na yi dariya, ita ce ta farko a ranar. Gidan 'yan'uwa muka kwana, da safe motar 'yan kasuwa ta kai mu Kurfi.

Abin da ba a gaya mini ba, Kawu ya kurumce. Na same shi a zaure, na gaishe shi har sau uku, yana kallon bakina yana murmushi. Mutumin da kunnensa ke tsinto muryar wata ƙasa daga cikin ƙugin iska! Inna, matarsa, ta ce yanzu sai ya wuni bai yi magana da kowa ba. Na zauna ina jin na zo a banza.

Da ya ga maɓallin sai ya ce, “Ɗiyata, kife mini turmin can.” Ya sa na ɗora maɓallin a gindin turmin, ya shimfiɗa tafinsa a jikin itacen, ya rufe ido. Na buga masa gaisuwa. Ya ji motsin bugun a tafinsa, sannan ya ce, “Lafiya lau. To amma mi ke korar ki? Kina jera harufa ba ki bari su yi numfashi. Tsoro kike a ce mace ta yi jinkiri.” Haka muka wuni, ina bugawa yana tsayar da ni, har tuwo ya huce. Can ya daina gyara. Sai tambaya: ina su wane, wa ke riƙe da na'urar ƙungiya, har yanzu ana jin mutanen nesa? Na amsa duka ta jikin turmi.

Kafin mu juyo na zaunar da Inna na koya mata kalma biyu da za ta riƙa buga masa a turmi da bayan cokali, salla da tuwo. Ta ce hannunta na daka ne, amma ta iya.

Yau ina Zariya, na ba da sunana a jarrabawa. Tafiyar nan ta koya mini cewa wanda ke can ɗaya gefen ba saurina yake jira ba, so yake ya gane ni. Sai dai duk lokacin da na zauna gwaji, hankalina na Kurfi, inda Kawu ke da labarin duniya a bakinsa, kuma kalma biyu kacal ake iya gaya masa.