Roba uku, magani ɗaya: yadda kara ta kusa mayar da ni gadon asibiti

Salamu alaikum 'yan uwa. Wata bakwai ke nan ba ku ji ɗuriyata a nan ba, har wasu sun fara tambayar matata Hajiya a hankali ko dai an yi rashi ne. Ina nan da raina.

Tun ina harkar hatsi tsakanin Birnin Kudu da Gwaram nake jin wata jita-jita a tasha, wai masu ɗaga ƙarfe a Kano suna da wani farin gari da ke mayar wa tsoho naman jikinsa. Alhaji Ubale direba ne ya fara gaya mini. Na ce masa in da gaskiya ne ai da shi ya fara sha, don ƙafafunsa kamar karan dawa suke.

Ciwona da zazzaɓi ya fara. Na raina shi sati biyu, sai cikina ya ɗaure kamar an sa igiya. A asibiti aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki, likita ya ce taifot ne ya huda hanji, tiyata yau ba gobe ba.

Sati shida na yi a kwance. Ƙarin ruwa, allura safe da yamma, wankin ciwo. Ragon da na ware wa layya a can ya tafi.

Da aka sallame ni, sai na ga abin da gado ya ci. Cinyata ta koma kamar damtsena na da. In na yi sujada, sai mutum biyu sun ɗaga ni. Na koma salla a kujera. Ban ji tsoron mutuwa ba kamar yadda na ji tsoron ƙarasa rayuwata a kan kujerar nan ta roba, a ƙarshen sahu.

Kun san al'adarmu, mai dubiya ba ya zuwa hannu rabbana. Ubale ya zo da ƙatuwar roba ta farin gari.

"Alhaji, ga abin da ka yi mini dariya a kai. Kiriyatin sunansa. Sha ka tashi, ka daina yi mana zaman amarya."

Bayan kwana uku surukina Malam Nura ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ajiye robar kafso. Ya ce mai kemis ya ce wannan ya fi na gari. Sai ɗana Sani ya aiko da na ruwa daga Kano, mai ƙamshin lemo, ya ce shi ne na zamani.

Na jera su a gabana ina kallo. Ni da na san gero da ido, na rasa wanne ne mai kyau. Kuma kowa in ya zo sai ya leƙa nasa ya ga ko ya ragu. Wa zai iya ce wa suruki ba a shan kayansa?

Sai na yi kara. Na Ubale a kunun safe, babban cokali biyu. Na Nura da azahar. Na Sani bayan la'asar.

Kwana goma cikina ya dinga ƙugi, ga kumburi, ga zawo. Da na koma ganin likita aka gwada jini, ya daɗe yana duban takardar.

"Baba, lambar ƙodarka ta hau. Kana shan wani abu ban da maganinmu?"

Na ce sam. Haka muka saba, abin da aka sha a gida ba a kawo shi gaban likita.

Sai Hajiya da ta rako ni ta matso. Ta buɗe jakarta ta fito da robobin nan uku, ta jera masa a tebur.

"Likita, ga 'sam' ɗin nasa."

Ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, ya yi murmushi. Ya ce duk abu ɗaya ne, ninki na yi ta sha. Kafso garin ne a cikin ɓawo, kuma a tambayi da me aka yi ɓawon, don wani daga dabba ne. Na ruwa kuwa, in ya daɗe a jiƙe cikin zafin garinmu ƙarfinsa raguwa yake yi. Garin nan na Ubale, mai suna monohaidret, shi aka fi sani, shi ya fi araha. Ya ce shan kiriyatin kan ɗaga wannan lamba ko da ƙoda lafiya take, amma ba zai yi rantsuwa ba sai na daina an sake gwaji.

Sati ukun da na jira, Allah ne kaɗai ya san su.

Gwaji ya fito lafiya. Ya yarda mini da ɗan ludayin da ke cikin robar Ubale sau ɗaya a rana, da ruwa mai yawa. Ya ce, "Baba, garin ba ya gina komai shi kaɗai. Wake, ƙwai, nono, da tashi-zauna daga kujera kullum."

Juma'ar da ta wuce na yi sujada a sahu na biyu, na dafa gwiwata na miƙe. Ba wanda ya kama ni. Tahiyar ma da hawaye na yi ta.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitoci da ma'aikatan jinya, da masu dubiya, da Hajiya da jakarta.

Shawarata: a gwada ƙoda kafin a fara, mai ciwon ƙoda kuma kada ya taɓa sai likita ya ce. A zaɓi kala ɗaya. Kyautar mai dubiya a karɓa a yi godiya, ba dole sai an haɗiye ba. Kuma a gaya wa likita gaskiya.

Jita-jitar nan kuwa tana nan tana yawo. Shekaranjiya aka ba ni labarin wani tsoho a Birnin Kudu da ya sha farin gari, wai yanzu shi kaɗai yake loda buhun gero a mota. Na tambayi sunansa, aka faɗi nawa. Wanda ya ba ni labarin bai gane ni ba saboda rama, har rantsuwa ya yi ya gani da idonsa. Mai rantsuwar nan kuwa Malam Haruna mai awo ne, na Kwandiko.